Kyautar Ɗan Wasan Gaba a Ƙaramin Fili: Ƙidayar Ƙwallaye Ta Isa?

Duk gasar ƙwallon da aka buga har ta kai ƙarshe, sai an zo kan maganar wa ya fi kowa. A manyan ƙasashe ana shirya biki na musamman, a gayyato 'yan jarida. A gasar unguwa ko ta ƙaramar hukuma kuwa, tebur ake ajiyewa a bakin fili, a lulluɓe shi da zane, a jera kofi da ambulan biyu ko uku. Bayan kofin kansa, babu kyautar da jama'a ke kasa kunne a kanta kamar ta ɗan wasan gaba. Matasan Dirin Daji da Makuku da Dankolo, a ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru, sun san wannan muhawara kamar yadda na Kano da Kaduna suka san ta, domin gidan kallon ƙwallo da wayar hannu sun kai ta ko'ina.

Wanda nake so mu duba shi ne wasan ƙaramin fili na 'yan biyar-biyar, wanda a birane ake yi a cikin zaure mai rufi, ake ce masa futsal. Shi ya fi kama da wasan da yaranmu ke yi kullum da la'asar a filin makaranta ko a bayan kasuwa, kuma a cikinsa ne gazawar dogaro da ƙidayar ƙwallaye kaɗai ta fi fitowa fili.

Wani malami mai suna Juan Carlos Ceriani ne ya tsara wasan a birnin Montevideo na ƙasar Uruguwai a 1930, shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta farko. Daga nan ya tsallaka Brazil, inda ya sami gindin zama. A wasannin ƙasa da ƙasa galibi filin yana da tsawon mita 40 da faɗin mita 20, raga kuma mita 3 ce a kwance, mita 2 a tsaye. Ana minti 20 sau biyu, kuma da zarar ƙwallo ta fita sai a tsayar da agogo. Ƙwallon ƙarama ce, ba ta tsalle sosai. Babu satar gida, koci yana canza 'yan wasa yadda ya ga dama, kuma wanda zai dawo da ƙwallo cikin wasa daƙiƙa 4 kawai gare shi. Idan ƙungiya ta tara laifi biyar a rabin lokaci ɗaya, daga na shida za a riƙa buga mata ƙwallo kai tsaye daga mita 10, babu katangar 'yan wasa. Waɗannan dokoki su suka sa kowa a filin yake kai hari kuma kowa yake tsaron gida. Mutum huɗu ne a ciki bayan gola, babu wanda zai tsaya can gaba yana jiran a kawo masa.

Ga yadda ƙwallo ɗaya take shiga a irin wannan wasa. Ɗan gaban, wanda 'yan Brazil ke kira pivo, yakan juya wa raga baya, mai tsaronsa na manne da shi yana tura shi da ƙirji. Fasin ya zo masa a ƙasa da ƙarfi, sai ya take ƙwallon da tafin ƙafa, ya dafe ta, ya buɗe hannu yana kare ta. Daƙiƙa biyu yake riƙe da ita, ana shurin dunduniyarsa. A cikin daƙiƙun nan ɗan gefen hagu ya ruga kusurwa ya janye mai tsaronsa, hanya ta buɗe a tsakiya. Pivo ya mirgina ƙwallon baya kaɗan, ɗan bayansu ya taho a guje ya ɗirka ta da tsinin takalmi. Gola ya durƙusa ya tare, ta kuɓuce masa, ɗan gefen dama da ke tsaye a jikin turke ya sa ƙafa ta shiga. A takardar alƙalin wasa suna ɗaya za a rubuta, na wanda ya taɓa ta ƙarshe daga taku biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumar FIFA ta fara gasar kofin duniya ta futsal a 1989 a ƙasar Holan, kuma cikin kyaututtukan da take rabawa akwai iri biyu: takalmin zinare ga wanda ya fi zura ƙwallo, ƙwallon zinare ga wanda aka zaɓa gwarzon gasa. Tarihin waɗannan kyaututtuka biyu ya ishi mai nazari. A gasar 2008 a Brazil, Pula na Rasha ya ɗauki takalmin zinare da ƙwallo 16, Falcão na Brazil yana biye da 15. Sai dai tara daga cikin ƙwallayen Pula a wasa ɗaya ya ci su, ranar da Rasha ta lallasa Tsibiran Solomon da ci 31 da 2. Falcão ne aka zaɓa gwarzon gasa, ƙasarsa kuma ta ɗauki kofi. A 2016 a Kolombiya, Ricardinho na Fotugal ya fi kowa da ƙwallo 12, shida daga ciki a ragar Panama. Ƙwallon zinare kuwa ta tafi ga Fernando Wilhelm, kyaftin ɗin Ajantina, ɗan baya, wanda ya ja ƙasarsa ta doke Rasha da ci 5 da 4 a wasan ƙarshe. Fotugal ta huɗu ta zo.

Ba wanda zai ce Ricardinho ba gwani ba ne. Abin lura shi ne a 2021 a Lituweniya, lokacin da Fotugal ta ɗauki kofin a karon farko, ba shi ya fi cin ƙwallo ba. Ferrão na Brazil ne ya karɓi takalmi da ƙwallo 9, ƙwallaye biyun da aka doke Ajantina da su a wasan ƙarshe kuma Pany Varela ne ya ci. Amma Ricardinho aka ba ƙwallon zinare, saboda ta ƙafarsa harin Fotugal yake bi. Shekarar da ya fi cin ƙwallo ya koma gida ba kofi. Shekarar da ya fi ciyar da abokan wasansa ya ɗaga shi.

Akwai kuma kyautar shekara-shekara da shafin Futsalplanet ke shiryawa tun 2000, wadda masu horarwa da masana wasan daga ƙasashe da dama ke jefa ƙuri'a a kanta. Ricardinho ya lashe ta sau shida, a 2010 sannan a jere daga 2014 zuwa 2018. Falcão sau huɗu, Ferrão sau uku a jere daga 2019. A ɓangaren mata, Amandinha ta Brazil ta riƙe ta shekara takwas ba a karɓe ba. Duk masu kai hari ne. Masu shirya kyautar sun ware wa gola tasa daban, da matashin ɗan wasa, da koci, da alƙalin wasa, domin sun san idan aka haɗa kowa a tukunya ɗaya mai cin ƙwallo ne zai kwashe. Haka abin yake a babban fili: tun da aka fara Ballon d'Or a 1956, gola ɗaya tak ya taɓa cin ta, Lev Yashin a 1963. 'Yan Najeriyar da suka zama gwarzon Afirka, daga Rashidi Yekini a 1993 zuwa Amunike da Kanu da Ikpeba da Osimhen da Lookman, duk 'yan gaba ne.

Amurkawa sun bi wata hanya a irin tasu ƙwallon, wadda ake runguma a hannu ana ture-ture. Wani mai suna Jim Foster ya mayar da ita cikin zaure, a fili mai tsawon yadi 50, mutum takwas-takwas, aka fara gasar Arena Football League a 1987. A can suna ba da kyautar gwarzon mai kai hari daban, ta gwarzon mai tsaro daban, har da wata ta musamman ga wanda ya fi iya yin aikin biyu. Gasar ta durƙushe a 2019, amma Indoor Football League da ta fara wasa a 2009 tana nan da irin wannan rabo. Wasan ba namu ba ne, tunanin dai abin ɗauka ne: sun ce mai kai hari, ba su ce mai cin maki ba.

A gida Najeriya, futsal ba ta yi nisa ba. Mun je gasar duniya sau ɗaya, a Hong Kong a 1992, aka cire mu a zagayen farko. Masar ta ɗauki kofin Afirka a 1996 da 2000 da 2004, Libiya a 2008, Maroko kuma a 2016 da 2020 da 2024, har ta kai zagayen kwata fainal a gasar duniya sau biyu a jere. Saboda haka duk mai neman misali na kusa kan kyautar ɗan gaba, dole ya leƙa gasar firimiyar Najeriya, kuma Arewa tana da babban rabo a labarin.

A 1990 Ishaya Jatau ya ci wa Iwuanyanwu Nationale ƙwallo 17 a kaka ɗaya. Shekara ashirin wannan adadi yana tsaye, sai a kakar 2009/2010 wani yaro ɗan Jos da bai kai shekara 18 ba, Ahmed Musa, ya ci wa Kano Pillars 18. Kaka ɗaya bayan nan Jude Aneke na Kaduna United ya kai 20, sannan Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014. Sibi Gwar na Niger Tornadoes ya fi kowa a 2012, Victor Namo na Nasarawa United a 2013, Godwin Obaje na Wikki Tourists ta Bauchi a 2016. A 2018 Junior Lokosa na Pillars ya ci 19 duk da cewa an yanke gasar a mako na 24.

Wannan jeri yana nuna abu biyu. Na farko, Kano Pillars, Sai Masu Gida, sun ɗauki kofi sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma a duk kakannin nan uku wanda ya fi cin ƙwallo ba ɗan Pillars ba ne. Shekarar da Ahmed Musa ya kafa tarihi kuwa Enyimba ce ta ɗauka. Ƙungiyar da ta raba cin ƙwallo tsakanin mutane da yawa ita ta fi wuyar tarewa. Duk wanda ya kalli Pillars a filin Sani Abacha a waɗancan shekaru ya san rawar Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele. Ɗan tsakiya ne, shi ke tsara harin, shi ke buga tazara, kuma a hankali ya haura ƙwallo 100 a gasar. Kyautar da ke duba adadin kaka ɗaya ba ta da ma'aunin irin wannan aiki.

Na biyun ya fi muhimmanci a wurina, kuma shi ya sa ba na tare da masu cewa a soke kyautar ɗan gaba don tana koya wa yara son kai. Ƙwallaye 18 ɗin Ahmed Musa rubutattu ne, an san ranar kowace da ragar da ta shiga. Wannan shaida ce ta raka shi zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010, daga can CSKA Moscow, daga can Leicester City, har ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014 da biyu a ragar Aisland a 2018. Lokosa ma bayan kakar 2018 Espérance ta Tunisiya ta ɗauke shi. A shekarar ne kamfanin Eunisell ya fara ba da kyautarsa ga wanda ya fi cin ƙwallo, naira 200,000 kan kowace ƙwallo, Lokosa ya karɓi naira miliyan 3.8. Ga ɗan talakan da ba shi da wakili ko uban gida, adadin da aka rubuta kuma aka yarda da shi shi ne takardar shaidarsa. Yabon gwani ya zama dole, kuma yabon da aka rubuta ya fi na baki nisan zango.

To a nan ne gasanninmu na karkara suke da rauni. Ƙasar Zuru ƙasar kokawa ce, Dakarkari sun yi suna da ita, kuma wanda ya halarci bikin Uhola ya ga yadda ake girmama ɗan kokawa. A kokawa ba a gardama mai tsawo: mutum biyu ne, ɗaya ya kai ɗaya ƙasa a gaban kowa. Ƙwallo ba haka take ba. Wasa goma sha ake yi cikin makonni, wani a filin nan wani a can, ba wanda ya kalli duka. Ranar rufe gasa sai ka ga sakataren kwamiti yana laluben wani littafin makaranta da aka yage rabinsa, magoya bayan wannan na rantsuwa ɗansu bakwai ya ci, na wancan na cewa ta bakwai ɗin ɗan baya ne ya ci gidansu. Babban baƙo yana zaune yana duba agogo, magariba ta kawo jiki, kuma a yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga kowa yana son ya koma gida da sauran haske. Sai a yanke hukunci cikin gaggawa, sau da yawa a ba ɗan ƙungiyar da ta ɗauki kofi don a zauna lafiya. Yaron da aka danne ba zai manta ba. Wanda aka ba ma bai sami abin da zai nuna wa wani koci a Birnin Kebbi ko Kwantagora ba, sai hoto a waya.

Gyaran wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kowane wasa ya kasance da takarda ɗaya: kwanan wata, fili, sunayen 'yan wasa da lambar rigarsu, wanda ya ci, wanda ya ba shi, da minti. Alƙalin wasa da kyaftin biyu su sa hannu kafin a watse, a ɗauki hotonta a tura dandalin WhatsApp na gasar a daren. Wanda ke da ƙorafi ya yi shi kafin wasa na gaba. Idan aka yi haka, takalmin wanda ya fi cin ƙwallo ya zama lissafi, kowa ya san mai shi tun kafin a kira suna.

Kyautar gwarzon ɗan gaba kuwa a raba ta da takalmi, a mayar da ita ta zaɓe. Masu zaɓen su zama kociyoyi da kyaftin-kyaftin, da sharaɗin ba wanda zai zaɓi ɗan ƙungiyarsa. Na fi amincewa da ƙuri'ar 'yan baya da gololi fiye da ta kowa, domin su suka san wanda ke hana su barci daren jajibirin wasa. Kada a miƙa zaɓen ga yawan tafi ko yawan masu danna waya, don garin da ya fi jama'a ne zai ci kullum, ɗan ƙaramin ƙauye ba zai taɓa gani ba. Kada kuma a bar shi a hannun wanda ya sa kofi. Mai ɗaukar nauyi ya cancanci godiya da kujerar gaba, ko ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa, amma aikinsa miƙa kyauta ne. Abin da masu zaɓe za su duba sananne ne: ƙwallayen da mutum ya ci, waɗanda ya bayar aka ci, a kan wace ƙungiya, kuma a wane hali. Ƙwallon da ta farke ci a minti na ƙarshe na wasan kusa da na ƙarshe ta fi biyar da aka zuba wa ƙungiyar da ta zo da mutum huɗu. A ƙaramin fili kuma dole a tambaya: idan ƙwallo ta kuɓuce masa, yana dawowa ko tsayawa yake yana ɗaga hannu?

Akwai masu cewa duk wannan ya yi wa gasar ƙauye yawa, yara dai suna motsa jiki ne. Ban yarda ba. Jihar Kebbi ta riga ta nuna abin da za a iya yi da wasan 'yan biyar-biyar, domin a ƙwallon yashi ƙungiyar Kebbi Fishers tana cikin waɗanda ake ji da su a ƙasar nan, alhali jihar ba ta da teku. Futsal ta fi ta sauƙin kafawa. Ba sai an jira zaure irin na filin Sani Abacha a Kano ko na Ahmadu Bello a Kaduna ba. Daɓen siminti mai mita 40 da 20 a harabar sakandare ya wadatar, har da fili mai tauri da aka share aka ja wa layi da toka. Ƙauyen da ba zai iya tara mutum goma sha ɗaya masu takalmi ba zai iya tara bakwai. Wasa ba ya ɗaukar dogon lokaci, ana iya buga fiye da ɗaya tsakanin la'asar da faɗuwar rana. Kuma 'yan mata, waɗanda iyaye da yawa ba za su bari su je babban fili a buɗe ba, suna iya bugawa a cikin katangar makarantarsu, su ma da tasu kyautar.

Me za a bayar? Kuɗi yana da daɗi, kuma ba zan ce a hana yaron da ya sha rana ɗan abin kashewa ba. Sai dai ambulan kan ƙare kafin mako, abokai da 'yan uwa kowa da rabonsa. Takalmi mai kyau, kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO ga ɗalibi, ko kuɗin mota zuwa gwajin 'yan wasa a filin Haliru Abdu na Birnin Kebbi tare da takardar da ke ɗauke da alƙalumansa da sa hannun hukumar ƙwallon yanki, sun fi daɗewa a jikinsa. Hanyar biyan kuɗi kan kowace ƙwallo kuwa, ko da ta yi aiki a firimiya, ba na ganin dacewarta a gasar yara. Wanda ya san kowace ƙwallo kuɗi ce ba zai ba abokinsa da ke tsaye shi kaɗai a bakin raga ba, kuma rigimar wa zai buga fanareti za ta raba ƙungiya.

Sai maganar shekaru, wadda ta daɗe tana lalata kyaututtukan matasa a ƙasar nan. Idan gasa ta 'yan ƙasa da 15 ce, gardin da ya rage shekarunsa shi zai fi kowa cin ƙwallo, domin a ƙaramin fili faɗin ƙirji da ƙarfin shuri suna aiki nan take. A gari irin Sakaba ko Janbirni an san juna, an san wa aka yi wa kaciya tare da wa, an san ajin da kowa ya gama firamare. Rajistar makaranta da shaidar mai unguwa sun isa a tantance, in dai an yi tun ranar rajistar ƙungiyoyi, kafin a san wa zai ci wa. Idan an yi kunnen doki a yawan ƙwallaye, a duba wanda ya fi bayarwa aka ci, in har yanzu daidai suke a duba wanda ya buga wasanni kaɗan, kuma a karanta wa kowa wannan ƙa'ida a taron farko na kwamiti.